Za A Hau Sama

Ranar da Shamsuddeen ya fara ganin Hafiza, yana kan rufin maƙwabtansu ne a Ikara, gumi ya jiƙa masa riga. Tun farkon bazara shi da abokan aikinsa suke bin gidaje suna kafa faifan sola, suna haɗa su da layin wutar gari. Rarar wutar rana takan taru a manyan batura, in Nepa ta ɗauke, unguwa ba ta zama a duhu.

Gajiya ce ta mantar da shi abin da kowane magini ya sani: ba a hawa rufi sai an yi shela, don matan maƙwabta su kimtsa. Yana ɗago kai sai ga ta a tsakar gida, babu ɗankwali, tana shanya tumatir.

Ta jawo mayafi, ta ce, "Malam, haka ake yi a garinku?"

"Ki yafe ni, wallahi gajiya ce."

"Gajiyar har baki ta kama?"

Sun sake haɗuwa a shagonta na zoɓo, inda ya je duba wayar firiza. Daga nan aka soma gaisawa, har saƙo ya fara kai-kawo.

Wata rana ya rubuto mata: "Sanyin idona, yau ma a kan kwano na yini, tafin ƙafata kamar an gasa."

Ta amsa: "Sannu, mai hawa sama. Na ajiye maka zoɓo, in wutarku ta bari ya yi sanyi."

Saminu mai hayar janareto, wanda ya daɗe yana son ta, shi ya kai labarin rufin ga mahaifinta, Malam Jumare. Shamsuddeen ya je zaure tare da kawunsa Maiwada, ya durƙusa ya ba da haƙuri. Dattijon ya ce, "Wanda ya leƙo gidana ta sama ba zai shigo ta ƙofa ba." Ya kuma hana a taɓa rufinsa.

Hafiza ta rubuto: "Ba zan saɓa wa Baba ba. Na gaji da kuka, amma ban gaji da kai ba."

Shamsuddeen bai sake aika kowa ba. Kullum, kafin a jingina tsani, shi da kansa yake bin ƙofa-ƙofa yana kira, "Salamu alaikum, za a hau sama!" Ya jira har a amsa. Abokan aikinsa suna ƙorafin ɓata lokaci, bai fasa ba. Damina ta shigo, ta wuce, Malam Jumare yana zaure yana jin muryar tana dushewa.

Wata safiya Malam Jumare ya kira shi.

"Yaro, muryarka ta ƙare."

"Za ta dawo, Baba."

Dattijon ya ce, "Rana tana dukan rufina a banza. Gobe ka kawo tsaninka. Kawunka kuma ya biyo ta ƙofa."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure. Ana tsakar walima Nepa ta ɗauke, amma fanka ba ta tsaya ba, zoɓo bai rasa sanyinsa ba. Malam Jumare ya ɗaga hannu, ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya albarkaci zuriya."

Da aka kai amarya, ango ya tsaya a bakin ƙofa da dusasshiyar muryarsa.

"Salamu alaikum, za a shigo."

Hafiza ta yi dariya a cikin mayafi. "Shigo ka huta, mai hawa sama. An kimtsa."