Fedar Hagu

"An ce ke kika taɓa ta."

Ban ɗago daga allon da nake kallo ba. A cikinsa jirgin da Kyaftin ya gama tuƙawa yana kwance a gefe guda, farfela a karye, hayaƙin ƙarya yana tashi sama.

Kyaftin ya sauko daga matakalar Akwati, hular tuƙi a hannunsa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Da ke nake magana, Injiniya."

Injiniya... Mutumin da tun da muka saba bai taɓa kira na da wani suna ba sai Injiniyata.

Na juyo da kujerata a hankali. "Wa ya ce?"

"Wannan ba shi ne abin tambaya ba."

"A wurina shi ne."

Ya kau da kai. "An ce kin lalata na'urar ne don na faɗi jarrabawa. In na faɗi, sun zaunar da ni a ofis. In sun zaunar da ni, Umma ta amince da aurenmu."

Maganar ta shige ni har ƙashi, amma ban bari ya gani ba.

Akwati shi ne sunan da muka sa wa na'urar koyon tuƙin jirgin yaƙi mai saukar ungulu. Wani ƙaton ɗaki ne a kan ƙafafun ƙarfe, cikinsa sak gaban jirgin gaske, yana karkata, yana jijjiga, yana gurnani. Ni ce mai kula da lafiyarsa. Shi kuwa Kyaftin bara ne jirginsa ya faɗi da shi, ƙafarsa ta hagu ta karye. Likitoci sun ce ya warke sarai, saura ya ci jarrabawa a Akwati kafin a mayar masa da jirgi. Ya gwada ya faɗi, ya sake ya faɗi. Dama ɗaya ta rage masa.

Kullum abu ɗaya ne. Zai tashi lafiya, ya yi shawagi lafiya, sai ya zo tsayar da jirgin cak a iska, hancin ya fara juyawa dama kamar ana murɗa shi. Fedar hagu ce ke tare wannan juyin. Kowa ya ce ƙafar ce.

Batun Umma kuwa ba ɓoyayye ba ne. Babanmu matuƙin jirgin sama ne. Ina firamare ya fita da safe, bai dawo ba. Ranar da Kyaftin ya je gaishe ta, ta karɓe shi da mutunci, ta sa masa albarka, sannan ta ce, "Ɗana, ban ga aibunka ba. Amma ba zan ba da Auta ga wanda ƙafarsa ba ta ƙasa ba. In ka ajiye tuƙi, ka dawo."

Don haka duk wanda ya ƙulla wannan ƙaryar ya san inda zai soka.

Na miƙe na tsaya a gabansa. "Ka yarda?"

Ya juya hular da ke hannunsa.

"Na ce ka yarda?"

"Ban san me zan yarda da shi ba," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Na san ƙafata. Ina takawa, jirgin ba ya ji. Ke kuma kullum kina cewa na'ura lafiyarta ƙalau."

"Kwamfuta ce ta ce, ba ni ba."

"To?"

"To ka koya min tuƙi."

Ya dube ni kamar na yi wani yare.

"Na duba ta ciki da waje da idon injiniya, ban ga komai ba," na ce. "Ina so na ji abin da kake ji a ƙafarka. Gobe da safe kafin ɗalibai su zo. In ka ga dama ka zo da fushinka, akwai wurin zama."

Ya zo. Da fushin nasa kuwa.

Ya zauna a kujerar baya, ni a ta gaba, muryarsa na shigowa kunnena ta cikin hula.

"Sandar da ke tsakanin gwiwoyinki ita ke karkata jirgi. Ta hagunki, in kin ja sama, ya tashi. Feda kuma na juya hanci. In kin ja ta hagu, jirgin zai so juyawa dama, sai ki tare shi da fedar hagu. Kin gane?"

"Ni nake kwance su na mayar, Kyaftin."

"Kwancewa daban, tuƙi daban. Bismillah."

Na ja sandar. Jirgin ya ɗaga, ya yi wani irin tangaɗi, ya juya, ya rungumi wata bishiya. Akwati ya girgiza har haƙorana suka haɗu.

"Kin kashe mu," ya ce.

"Sake."

Na sake. Wannan karon motar kashe gobara na taka.

"Me ta yi miki?"

"Ta tsaya a hanyata."

Na ji yana ƙoƙarin danne dariya, ya mayar da ita tari.

Haka muka yi ta yi kullum da safe. Ya ce na daina damƙe sanda kamar wuyan maƙiyi, na riƙe ta da yatsu kawai. Ya ce na daina kallon ƙasan jirgi, na kafa ido a kan wani abu can nesa. Ya ce kar na jira jirgi ya kauce sannan na gyara, na ji shi tun yana niyya.

Wata safiya sai abin ya zauna min. Jirgin ya tsaya cak a iska, yana numfashi a hannuna kamar jariri mai barci.

"Haka... haka, Injiniyata. Kar ki motsa."

Sunan ya fito masa ba tare da ya shirya ba. Zuciyata ta buga, hannuna ya bi ta, muka faɗa kan rufin wani sito.

"Laifinka ne," na ce.

"Na ɗauka."

Amma da muka fito fuskarsa ta sake ɗaurewa. "Kin gani? Ke sabon shiga kin tsayar da shi. Fedar na ji. Kenan ƙafata ce."

"Zauna ka gwada yanzu."

Ya zauna. Ya ɗaga jirgin ya tsayar da shi kamar an kafe shi da ƙusa. Ya juya hagu, ya juya dama, ya dire a tsakiyar da'irar sauka.

Muka kalli juna.

"Yaushe ake saka ka jarrabawa?" na tambaye shi, ko da yake na san amsar.

"Da yamma. Kullum ni ne na ƙarshe."

"Wa ke raba lokaci?"

"Manjo."

Manjo shi ne babban mai horaswa. Ya taɓa aiko yayarsa gidanmu neman aurena, na ce a ba shi haƙuri. Ya karɓa da murmushi, irin murmushin da ba ya kaiwa ido.

Ranar ban je cin abincin rana ba. Na jira Akwati ya wuni yana aiki, ɗalibi ya fita ɗalibi ya shiga, har ƙarfensa ya ɗau zafi. Da na ƙarshe ya sauka, na hau ni kaɗai.

Na ja sanda. Hanci ya fara tafiya dama. Na taka fedar hagu.

Shiru.

Sai bayan ƙiftawar ido jirgin ya amsa, lokacin na riga na ƙara takawa, ya wuce gona da iri, na tare da dama, ya ƙwace gaba ɗaya. Ƙasa ta taso ta same ni.

Ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin na ranar ba.

Na ɗauko sukuddireba na kwanta a ƙarƙashin fedar. Akwai wata ƴar na'ura da ke karanta motsin feda ta aika wa kwamfuta. Fankar da ke sanyaya wurin ta mutu, wayar da ke haɗa na'urar kuma ta yi sako-sako. Da safe komai lafiya. In wuri ya yi zafi, saƙon sai ya riƙa makara. Ni kuwa duk gwajina da sassafe nake yi, kafin a kunna komai. Sauran ɗaliban yamma tafiya miƙe suke koyo, ba sa neman feda sosai, shi ya sa ba wanda ya yi ƙorafi.

Ina kwance a wurin na ga takalma sun tsaya kusa da kaina.

"Sannu da aiki, Injiniya."

Na fito na zauna. Manjo ne, hannu a aljihu.

"Ka san da wannan," na ce.

"Ni ba injiniya ba ne. Na dai lura tana da ɗan nauyi da yamma."

"Shi ya sa kake ajiye shi a ƙarshe. Shi ya sa kuma ka ce masa ni na taɓa ta."

Bai musa ba. Ya durƙusa daidai fuskata, ya sassauta murya. "Ki yi tunani, ƙanwata. Ki mayar da murfin nan ki tafi gida. Ranar jarrabawa ya faɗi, a ba shi ofis mai sanyi. Mahaifiyarki ta yarda. Ki samu mijinki kullum a gida, da ƙafa biyu. In kika gyara, kin gyara abin da zai raba ku. Ni na haƙura da ke tuni. Taimakonki nake."

Ba zan yi ƙarya ba, maganar ta samu wurin zama a raina. Na hango shi yana dawowa gida kowace yamma. Na hango Umma tana dariya da shi a falo.

Sai kuma na tuna fuskarsa da safen nan, lokacin da ya tsayar da jirgin. Ban taɓa ganinsa a raye haka ba.

Na miƙe na karkaɗe rigata. "Manjo, mutumin da nake so matuƙi ne. In na karya shi don na same shi, wa na samu?"

Daga nan ofishin Kwamanda na wuce, ko hannu ban wanke ba.

Kwamanda dattijo ne mara yawan magana. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kin gyara?"

"A'a, ranka ya daɗe. Na bar ta yadda take don a gani."

Washegari da yamma ya tara mu. Ya dubi Manjo ya ce, "Kai ne gwaninmu. Hau ka nuna wa Kyaftin yadda ake tsayuwa a iska."

Manjo ya ɗauki hular tuƙi. Ya hau. Muna kallon allo jirginsa ya yi juyi kamar mai neman abin da ya yar, ya kife a gefen titin sauka.

Kwamanda bai ce masa komai ba a gabanmu. Cikin satin dai aka ɗauke shi daga horaswa.

Na canza fanka, na ɗaure waya, na gwada da safe, na gwada da yamma. Ranar jarrabawa Kyaftin ya ce a bar shi a ƙarshe kamar kullum. Ya tashi, ya ratsa tsakanin duwatsu, aka kashe masa inji ɗaya ya riƙe, aka turo masa iska ta gefe ya riƙe. Da ya zo tsayuwa, jirgin ko gezau.

Ya sauko ya wuce masu taya shi murna, ya zo ya tsaya a gaban teburina.

"Na zarge ki," ya ce.

"Ka zarge ni."

"Ki yafe min, Injiniyata. Tsoro ne ya rufe min ido. Na gwammace a ce ke ce, da a ce ƙafata ce... kin ji irin wautar."

"Na ji. Zan yafe, amma sai na ja maka rai tukuna."

"Ja, ranki ya daɗe. Ina nan."

Saura Umma.

Na same ta a ɗakinta tana ninke kaya. Na zauna a bakin gado na faɗa mata komai, har abin da Manjo ya ce. Hannunta bai daina ninki ba.

"Kenan da hannunki kika mayar da shi sama."

"Da hannuna, Umma."

"Kin san abin da na gani, Auta. Kin san yadda na raine ku."

"Na sani. Umma, in tambaye ki? Da kin samu hanyar da za ki hana Baba tashi ba tare da ya sani ba, za ki bi?"

Ta ajiye zanen da ke hannunta.

"Na taɓa ɓoye masa hular tuƙi," ta ce. "A cikin kwandon wanki. Ina da cikin yayanki lokacin."

"Sai ya fasa?"

"Ina fa. Ya ari ta abokinsa, ta yi masa yawa, ya tafi tana masa rawa a kai." Ta yi ƴar dariya, hawaye na gangarowa. "Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ce min, in kin hana ni wannan, gawa za ki riƙa ba abinci. Ban sake ba."

Na kwantar da kaina a cinyarta.

"Kin yi nadamar aurensa?"

"Ko sau ɗaya." Ta shafa kaina. "Tsoron ne dai ba na so ki gada."

"Na riga na gada, Umma. Amma na gaji sauran ma."

Ba ta amsa a ranar ba. Sai da aka kwana biyu ta ce wa yayana ya kira Kyaftin. Ya zo ya zauna a ƙasa, kai a sunkuye.

"Ɗana," ta ce, "ba zan ce ka ajiye tuƙi ba. Abu ɗaya nake so. Duk sanda ka sauka, kafin ka cire takalmi, ka kira ta. In ka gama da ita, ka kira ni."

"In sha Allah, Umma."

"Ban gama ba. In ka manta, ni da kai ne."

Bayan ɗaurin aurenmu da ƴan makonni aka mayar masa da jirginsa. Ranar fitarsa ta farko na je gidan Umma na zauna. Ta sa wayarta a kan cinya tana ta yi min hirar da ba ta da kai, ni ma ina amsawa ba tare da na ji ba.

Can wajen la'asar wayata ta yi ƙara.

"Na sauka, Injiniyata. Lafiya lau."

Kafin na ce komai Umma ta miƙo hannu ta karɓe wayar.

"Ka yi da ni tukuna," ta ce masa. "Ita tana da sauran rayuwa ta ji muryarka."