Turmin Sati

"Ka sa an ɗauke turmin uwata, sannan ka ce kana sona?"

Gulizar ce ta jefa wa Hidir wannan a gindin ƙofa mai zakunan dutse, cikin kangon birnin Hittiyawa, mutanen dā, da ke saman ƙauyenmu. Ni goggonta ce, ni na rako ta. Budurwa ba ta hawa tudu ita kaɗai.

"Hasken idona, doka ce... Zanen jikinsa na mutanen dā ne, in na yi shiru na ci amanar aikina."

"To ka auri dokar!"

Hidir mai gadi ne a ɗan gidan tarihin garinmu. Ranar da danginsa suka zo nema masa auren Gulizar ya hangi turmin dutse a tsakar gida, bakinsa ya ƙi rufuwa sai da ya kai wa hukuma labari. Mota ta zo ta ɗauke shi zuwa gidan tarihin. A turmin nan marigayiya Sati, uwar Gulizar, take surfa alkamar keshkek, faten alkama da naman da ba a biki sai da shi. Ƙanena Durmush, uban yarinyar, ya mayar musu da zobe, ya ce magana ta mutu.

Gulizar ta rame, amma ba ta musa wa ubanta ba. Haka muka rene ta.

Da na gaji da kallon ƙasusuwan wuyanta, na ce, "Durmush, tashi mu je ka gaida dutsenka, tunda ya fi maka 'yarka."

"Yaya, ki bar ni..."

"Sa hularka!"

Muka je gidan tarihin mu uku da Gulizar. Ɗakuna ne 'yan ƙanana, cike da fasassun tukwane. Ga turmi bayan igiya, an wanke shi tas. Hidir ya ba mu baya, yana wa wasu baƙi 'yan birni bayani.

Wata mai jan baki ta leƙa ciki. "Wannan santsin fa? Wurin yankan hadayar sarakunan dā ne?"

"A'a, ranki ya daɗe. Zanen waje nasu ne. Santsin ciki na Inna Sati ne, matar Baffa Durmush. Babu amaryar unguwarsu da ba ta surfa wa alkama a nan ba. Duk wanda ya zo sai na gaya masa sunanta."

Durmush ya cire hula. Ya daɗe yana murza ta.

"Kai, ɓarawon turmi!"

Hidir ya juyo a firgice. "Baffa..."

"Ka kwashe mana turmi ka kawo wa 'yan kallo. To alkamar bikinku, a kan gwiwarka za a surfa ta?"

Gulizar ta toshe baki da gyale, hawaye na zuba. Na zungure ta, na ce ta tsaya daidai, muna cikin mutane.

Da bikinsu ya zo, turmin maƙwabta muka ara. Keshkek ɗin bai yi laushi kamar na Sati ba, kuma na faɗa musu.