Tayoyin Motar Malama Safinatu

Da hantsi aka kira Sufeto Abdulaziz cewa mota ta buge wani tsoho a bayan garin Bodinga, kan hanyar Shagari. Kafin ya iso an lulluɓe gawar. Malam Ummaru ne, manomin albasa, yana tsallaka kwalta da kekensa a kwanar da aka hana wuce gudun sittin. Motar na gefe, mai ita na zaune a ƙasa ba takalmi. Malama Safinatu ce, ungozomar da ke zuwa aiki Shagari kullum.

Sufeto ya auna sawun birki. Ya yi tsawon da mai gudun sittin ba ya barin irinsa.

"Malama, gudun nawa kika yi?"

"Sittin, ranka shi daɗe. Idona na ga allurar agogon gudu. A kawo Alƙur'ani in dafa."

Sufeto mutum ne mai saurin yanke hukunci, kuma ya fi yarda da kwalta a kan bakin ɗan Adam. A gaban taro ya ce mata, "Kin kashe mutum, kuma za ki ƙara da rantsuwar ƙarya?" Ya sa aka tsare ta, ya fara shirya tuhumar tuƙin ganganci, wadda za ta iya kai ta gidan yari.

A nan ƙasar, idan irin wannan ƙaddara ta faɗa, ba a zancen yafiya sai an yi sadakar uku, dangin direba sun zo da dattawa sun durƙusa. Amma ran nan da la'asar, ƙurar maƙabarta ba ta bar ƙafarsa ba, sai ga Ashiru, babban ɗan mamacin, a ofis.

"Mun yahe, yallaɓai. Ƙaddara ta. A ba su motassu su tahi."

"Dattawanku sun zauna?"

"Ni na babba. Yaushe za a saki motar?"

Sau biyu ya sake tambayar motar, matar da ke tsare kuwa ko sunanta bai ambata ba. Ruwa ba ya tsami banza. Yana fita Sufeto ya je ya tsuguna gaban motar.

Tayoyin sun sha baƙin mai suna ƙyalli, amma sun cika gurbinsu har suna neman gogar jikin motar. Lambar da ke jikinsu ba ita ce kamfani ya buga a bakin ƙofar motar ba, waɗannan sun fi girma. Da ya sa farce cikin zanen tayar, sai ya ji an sassaƙa shi ne da wuƙa mai zafi. Tsofaffi ne aka yi wa kwalliya.

Washegari ya hau motar zuwa Lambara, wayarsa na auna gudu. Allura na kan sittin, waya na cewa kusan saba'in. Ya tsaya a gefen hanya, kunya ta rufe shi, don maganar da ya yaɓa wa matar nan ita ce ta fara dawo masa.

Ya fara da mijinta, Malam Anas, ya tambaye shi inda aka samo tayoyin.

"Sabbi nis saya Sakkwato, daidai da lambar kamfani. Ga hotonsu ga waya. Ni in ɗora uwar ɗiyana bisa ruɓaɓɓun tayoyi?"

Bakanikensu ya ce shi juyen mai kawai ya yi, kuma mai mota na tsaye a kansa har ya gama. Sufeto ya koma wa mijin.

"Motar ta taɓa wuni hannun wani?"

"Ran Juma'a ƙusa tas soke ta. Mai faci na bakin tasha yac ce a bar mai ita, sai bayan masallaci."

"Mi ne sunanai?"

Malam Anas ya buɗe baki, sai ya dafe kai. "Innalillahi. Ashiru."

A bayan rumfar faci, ƙarƙashin tsohuwar tabarma, aka sami biyu daga cikin sabbin tayoyin. Sauran an sayar. Sufeto ya aika aka kira Ashiru daga wurin zaman makoki, don bai so a kama shi gaban masu gaisuwa.

"Agogon gudu ba hanya yaka aunawa ba, juyin taya yaka ƙirga," in ji Sufeto. "In taya ta ƙara girma, kowane juyi sai ta ci hanya fiye da yadda agogo yas sani. Matar ga ta ga sittin, mota na kusa da saba'in. Da tat taka birki, tayoyin da kas sassaƙa sunka zame. Shi yas sa kag garzayo da yahiya, don a hidda motar kahin wani shi duba ƙahwahunta."

Ashiru ya zauna a kan wani tsohon ƙarfen taya. Bai musa ba.

"Cewa niy yi mace ta, ba ta ganewa. Da nig ga motar bakin hanya, nig ga keken Baba…" Ya dubi hannuwansa. "Tun jiya mutane ka riƙe hannuna suna ba ni haƙuri, yallaɓai. Ni!"

Da kansa Sufeto ya buɗe wa Malama Safinatu ƙofa. Ya cire hula, abin da bai saba yi wa wanda ya tsare ba.

"Malama, rantsuwarki gaskiya ta. Ni niz zalunce ki gaban jama'a. Ki yahe mani."

Ya zaci zai ga farin ciki. Ta dai saurari bayanin har ƙarshe, ta tambayi wanda ya sauya tayoyin, ya faɗa mata. Ta murza bakin mayafi.

"Uwatai ta sani?"

"Tukuna."

"Don Allah ku bari sai an yi sadakar uku kahin ta ji. Ni nik kashe mata miji, ko da tayar wa. Kar a haɗa mata baƙin ciki biyu rana guda."

Sufeto ya ce to, alhali ya san tun ɗazu labari ya bar tasha ya nufi gidan mamacin.