Matakala Biyu Kacal

"Matakala biyu, Nabiha? Matakala biyu ce za ta karya wuyan ƙato kamar Sadiƙ?"

Hajiya Asabe ce tsaye a falon ɗanta da ke Nasarawa GRA, ko mayafi ba ta cire ba. Matarsa Nabiha, amaryar wata bakwai, tana durƙushe a gabanta.

"Wallahi Hajiya, santsin tayil ne ya kwashe shi..."

"Maigadi ya ce ya ji kuna sa-in-sa da safen nan!"

"A kan ya je asibiti ne, kullum bayansa a sanƙare..."

"Rufe min baki!"

Kwana tara Sadiƙ na kwance a asibiti da roba a maƙogwaro, ba magana, hannu da ƙafa ba motsi. Ko zufa Nabiha za ta share masa, idon Hajiya na kan hannunta. Safina, ƙanwarsa, ta karɓe wayar Nabiha tana bin saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Iyayen Nabiha suka ce ta dawo gida, ta ce ba inda za ta.

Likita ya nuna musu hoton ƙashi. Ya ce wani irin amosani ne da ba a cika gani ba, ya manne ƙasusuwan wuyan suka zama kamar busasshen kara. 'Yar faɗuwa ta isa ta karya su ta taɓa laka.

Hajiya ta taɓe baki. "Likita ai ba ya nan lokacin da abin ya faru."

Ranar da aka cire robar, Hajiya ta sunkuya kansa. "Faɗa min gaskiya, ture ka ta yi?"

Hawaye ya gangaro masa. "Ba kowa, Hajiya... Shekara uku na san da ciwon nan. Ɓoyewa na yi, kar a hana ni ita."

Hajiya ta zame ta zauna a ƙasa.

Nabiha ta fashe da kuka. "Haba Yaya Sadiƙ! Da ka faɗa, wallahi a hakan zan aure ka!"

Hajiya ta kamo hannunta. "'Yata, na zalunce ki. Ki yafe min."

Bayan wata goma Sadiƙ ya fara riƙe cokali, yana zama a keken guragu. Duk Juma'a Hajiya kan zo da kanta ta karɓi jinya, ta kora Nabiha ta je ta huta.

Ɓoye ciwo ba ya kare soyayya, zato kuma ba shaida ba ne. Mai haƙuri a kan gaskiya, Allah ne ke wanke shi.