Kwamfutar da Ta Amsa daga Kurmin Gawo

Bayan sallar la'asar ne Abdulgafar ya ga ɗigon da ke gefen allon kwamfutarsa ya koma kore. Yana zaune a ɗan ofishinsa na Ƙanƙara, fanka na juya iska mai ɗumi, ya daɗe yana kallon ɗigon bai motsa ba.

Aikinsa haɗa manhaja ne. Wata ƙaramar ƙungiya ce ta ɗauke shi, masu kai magani asibitocin ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ita manhajar tana zaune ne a manyan kwamfutocin wani kamfani na ƙasar waje, abin da 'yan sana'ar ke kira gajimare. Bayanan marasa lafiya kuwa kowane asibiti da nasa, a cikin wata 'yar kwamfuta baƙa da ba ta fi kwanon sha girma ba. A cikinta yake ajiye rumbun bayanan, ya killace shi a abin da suke kira kwantena, don kada ya cakuɗe da sauran kayan na'urar. Manhaja takan nemi rumbun ta lambar ƙofarsa, ta ba da suna da kalmar sirri. In an buɗe mata, ɗigon ya yi kore. In ba a amsa ba ya yi ja, ta ɗan jira, ta sake nema.

Ɗigon da ya koma koren na Kurmin Gawo ne, ja yake tun farkon damina, lokacin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen. Mutanensa yanzu suna zube a wata makarantar firamare a cikin Ƙanƙara. Bai taɓa hana manhajar neman wannan rumbu ba. Ba don yana sa rai ba ne, bai dai tuna ba. Tun da aka buɗe wa motar da matarsa Zulaihatu ke ciki wuta a hanyar Daudawa, tana dawowa daga suna, aka kawo masa gawarta a bayan a-kori-kura, abubuwa da yawa sun daina zuwa masa a rai. Yana cin abinci, yana salla, yana amsa gaisuwa. Ko kuka bai yi ba.

Ya gwada janyo bayanan. Rumbun ya amsa, amma bai turo komai ba. Ya sake gwadawa, haka dai.

Ya kira Hajiya Amatullah, shugabar ƙungiyar, a Katsina.

"Hajiya, na'urar Kurmin Gawo tana raye."

"Ikon Allah! To ka kwaso bayanan mana. Yaran nan masu sikila da masu tarin fuka, likita ya ce ba zai ci gaba da ba su magani da ka ba, sai ya ga inda aka tsaya."

"Ba ta turowa. Sai na je na ɗauko ta."

"Yanzu? Abdulgafar, ka bari sai da safe, a nemo 'yan sa-kai su raka ka."

"Kafin safe tana iya mutuwa."

Ta yi ta magana. Ya ce to, ya kashe wayar, ya ɗauki jakarsa.

A tasha 'yan acaɓa suka yi ta kau da kai da jin sunan ƙauyen. Malam Hadi ne kaɗai ya yarda, wani dattijo mai furfura a gemu, haifaffen can, wanda jikarsa na cikin yaran da ke jiran magani.

"Zan kai ka bakin gada," in ji shi. "Ban shiga. Kuma in rana ta hwaɗi ba ka hito ba, Allah na gani, ni tahiyata zan yi."

Hanyar duk ciyawa ta cinye ta. Dawa ta yi tsayi ta rufe gefe da gefe, ta nuna, ba mai girbi. Ba su haɗu da kowa ba, ko akuya. Abdulgafar na zaune a baya yana duba wayarsa jefi-jefi. Sabis ya ɗauke tun da suka wuce Ƙetare, amma ɗigon na nan kore. Ya lura da haka, ya mayar da wayar aljihu.

A bakin gada Malam Hadi ya tsaya, ya juya kan babur ya fuskanci hanyar gida, bai kashe inji ba. Rana ta yi ja, ta sauka daidai kan itatuwa.

Abdulgafar ya taka a ƙasa. Gidajen duk a buɗe, wasu a ƙone. Wata tukunya na kife a tsakiyar hanya. Ya wuce masallaci, ya wuce rijiya. Sai ya ji ƙanshin miyar kuka da daddawa, mai zafi, kamar yanzu aka sauke. Daga wani wuri a bayan gidajen ana daka. Taɓarya ɗaya, a hankali, ba gaggawa.

Ya ce a ransa wataƙila wasu sun dawo.

Asibitin na ƙarshen gari, ɗaki biyu da baranda. Ya ɗaga kai ya dubi rufin. An kwashe faifan sola, sai ƙarafan da suka riƙe su. Ƙofar ƙarfen a buɗe take. Ya yi sallama don sabo, ya shiga.

An share ɗakin. Ga sawun tsintsiya nan a ƙasa, layi-layi. Warin kashin jemage ya gauraye da na turaren wuta.

Na'urar na kan kanta inda ya girke ta bara. Ya haska ta da fitilar waya. Babu batir a ƙarƙashinta. Wayar wutar an datse ta, guntun na reto. Ya ɗora hannu a kanta, sanyi ƙalau, ƙura ta kama masa yatsu.

Ya dubi wayarsa. Kore.

Ya danna wurin da ke sa manhaja ta nemi rumbu.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ƙofar ƙarfen ce, a bayansa. Ya juya. A buɗe take yadda ya bar ta, ba kowa a baranda.

Ya sake dannawa.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Dakan da ake yi a waje ya tsaya.

"Ashe kai ne."

Muryar tsohuwa ce, ƙasa-ƙasa, daga ɗaki na biyu, ɗakin haihuwa. Labule ya rufe ƙofarsa, wani tsohon zane da bai san da shi ba.

"Kai ne mai ƙwanƙwasa mana ƙofa. Dare da rana. Tun da muka tare."

Bakinsa ya buɗe da kansa. "Ban san da mutane ba, Baba."

"Ba mutane." Ta yi ɗan tari. "Mutane sun bar wuri, mu muka shigo. Yarana ba su barci. Da sun rufe ido sai ka buga. Na ce a buɗe mishi, mu ga mai nacin nan."

Ya kamata gabansa ya faɗi. Ya tsaya yana jiran faɗuwar, ba ta zo ba. Abin da ya ji kawai gajiya ce, mai nauyi, tun daga wuya har gwiwa.

"Ka sha hanya," in ji muryar. "Zauna."

Akwai tabarma a bayansa. Ɗazu babu ita.

Ya zauna.

Hasken da ke shigowa ta taga ya koma toka-toka. Labulen ya motsa daga ƙasa, kamar kaji na wucewa ta ƙarƙashinsa. Bai ga komai ba. Ya dai ji sawu, ƙanana, masu yawa, suna zagaye tabarmar.

Wasu 'yan yatsu masu sanyi suka kama masa ƙafar dama, suka zare takalmin. Suka zare na hagu.

"Gidanku ba wanda kake koma mawa," in ji tsohuwar. Yanzu muryar ta matso, tana dab da labule. "Mun ji a bugun. Mai gida ba ya buga ƙofar wasu haka."

Maganar ba ta yi masa zafi ba.

"Nan ba a tuna komai. Ka ci tuwo, ka kwanta."

Aka ajiye kwano a gabansa. Ya ji ƙararsa a kan siminti, tururi na dukan fuskarsa. Hannunsa ya tashi daga cinya, ya nufi kwanon.

Can nesa aka danna hon ɗin babur. Aka sake dannawa.

Sai murya ta tashi, tsohuwa, a shaƙe, tana rawa. Malam Hadi ne ke kiran sallar magariba daga bakin gada, a garin da ba mai amsawa. Yana yi muryar na karyewa, yana sake ɗauka.

Sawun suka tsaya cak.

Abdulgafar ya dubi hannunsa a saman kwano. Ya tuna jikar mutumin nan, wata 'yar siririya mai idanu rawaya da ya taɓa gani kwance a barandar firamare. Ya janye hannun.

Ya lalubo wayar, ya shiga inda ake hana manhaja nema, ya kashe.

"Na daina, Baba," ya ce da raɗa. "Ba za a sake bugawa ba. Ku yi haƙuri."



"Ka daina," in ji ta. "Amma mu muka buɗe. Ba kai ke rufewa ba."

Labulen ya fara ɗagawa daga sama, can kusa da rufi, inda hannun tsohuwa ba zai kai ba.

A nan tsoron ya zo masa, gaba ɗaya, kamar an watsa masa ruwan randa.

Ya yi a'uziyya da ƙarfi. Ya zabura, ya fizgo na'urar daga kanta. Ɗazu sanyi gare ta. Yanzu ɗumi, irin na jikin mai rai.

Ya yi waje.

Yatsu suka kama masa riga. Ta yage.

Ya bi ta gaban rijiya. Ƙaya na shiga tafin ƙafarsa, bai tsaya ba.

A bayansa aka soma daka. Ba taɓarya ɗaya ba. Kowane gida.

Bai waiwaya ba.

Malam Hadi na kan babur, yana ƙarasa kiran da hawaye a gemu. Abdulgafar ya faɗa bayansa. Babur ya yi tsalle ya hau hanya. Suka yi ta gudu har suka hango fitilun Ƙetare. A nan suka tsaya suka yi salla, Abdulgafar na tsaye jini na zuba daga ƙafafunsa a kan tabarmar masallaci.

Washegari ya cire faifan ajiyar na'urar, ya haɗa da kwamfutarsa. Bayanan na nan cif, ba abin da ya ɓace. Ya tayar da sabon kwantena a can gajimaren, kusa da manhajar, ya zuba su ciki, ya canza kalmar sirri, ya goge adireshin Kurmin Gawo. Kafin azahar likita ya soma kiran yara. Ita baƙar na'urar Malam Hadi ya karɓa, ya ce ya san inda zai binne ta. Hajiya Amatullah ta yi faɗa, ta yi godiya, ta tambayi abin da ya same shi a murya. Ya ce mura ce.

Ya yi kwanaki yana zazzaɓi. Mahaifiyarsa, Dada, ta dawo ɗakinsa da kwana, tana tofa masa addu'a a ruwa. Ranar da ya fara iya taka ƙafa, ta fita sharar safe, sai ya ji tsintsiya ta tsaya.

"Abdulgafar. Zo nan, amma kar ka taɓa."

Takalmansa ne da ya baro a Kurmin Gawo, ga su a bakin zaure. An wanke su, an jera su gefe da gefe, bakinsu na kallon hanya, yadda ake juya wa baƙo takalmi in zai tafi.

Dada ta kife masu tsohon kwando, ta ɗora dutse. Har yau suna nan. Masu shiga gidan ta gefe suke raɓawa, shi kuwa Abdulgafar ya sa an fasa masa wata ƙofa ta bayan gida.