Ƙaho a Kan Saifar Umara

"Wa ya yi masa wannan aika-aika?!"

Malamin asibiti ne ya fassara min tsawar likita Bature. Ni dai ina tsaye ƙiƙam, ina kallon sawun ƙaho a cikin Umara, wani bai warke ba an ɗora wani.

Sunana Gumsu. Umara masunci ne, shi nake so tun ina kai tallar fura bakin kogin Haɗejiya. Da ciwonsa ya taso tun yarinta: ido rawaya, gefen cikinsa na hagu a kumbure, sanyi na shigowa ƙashi ya hau sara. Haka yayarsa ta yi ta fama har ta rasu.

"Sai cikin nan ya sace zan ba shi ke," in ji Baba. "Ba na haɗa iri da mai saifa!"

Ɗahiru, ɗan ƙanin Baba, mai zaman jiran a ba shi ni, shi ya yi wa Umara raɗa wai mataccen jini ne, wanzami zai zuƙe.

"Gumsuna, kafin ruwa ya janye daga fadama za ki ga cikina kamar na kowa..." in ji Umara.

Dariya na yi, ban tambaye shi ta yaya ba. Ashe kowace kasuwa sai ya miƙa wa wanzami cikinsa, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a kwale-kwale, aka kawo shi asibitin nan.

"Likita ya ce gado ne," in ji malamin. "Jinin da ɓargonsa ke yi ba ya isarsa, shi ne saifa da hanta suka kama masa aikin. Kumburin nan jini yake yi masa. Ɗan abin da ya samu kuma aka bi aka tsiyaye."

Na ji, amma wallahi kamar labarin wani ake ba ni.

Umara ya buɗe ido da ƙyar.

"Rabin raina... taɓa ki ji. Ya ragu?"

Na ɗora hannu. Yana nan da taurinsa kamar dutsen niƙa.

"Ya ragu."

"Alhamdulillahi... ki gaya wa Baba."

Kafin azahar ya cika.

Hawaye ya ƙi zuwa. Na taka har gida, na tarar da Baba a zaure yana gyaran lauje, na durƙusa.

"Baba, Umara ya rasu. Ya ce a gaya maka cikin ya ragu."

Laujen ya suɓuce masa. Ni kuwa na shige ciki na hau wanke-wanke.