Zungurun Rufaida

A'a, dakata mana. Wa ya ce maka 'yan mata ne suka ɓata laburaren? Kana can Kabo, labari ya iso maka da ƙafa ɗaya.

Dokar da aka manna a ƙofa, duk Gwarzo an ji ta: mai son taɓa intanet ya sa sunansa a littafi, wanda ya buɗe hoton banza a kore shi, a miƙa shi Hisba. Ran Litinin mai duba na'ura ya zo daga Kano, ya tarar an buɗe ƙazanta a kwamfuta ta uku ran Juma'a, ƙarfe biyu. Sunan da ke littafi Rufaida Mato, 'yar garin Kara, mai cike takardar makarantar jinya. Uban har ya rantse ta gama boko.

Sufeto Hambali ya zo, mutum mai tambaya kamar ba ya son amsa. Ya fara da Malam Zailani, mai kula da wurin.

"Da idonka ka gan ta?"

"Da idona, Yallaɓai. Ni na miƙa mata biro."

Ya koma kan Maikuɗi maigadi. Shi ya ce tun Laraba babu wuta, man janareta kuwa cokali-cokali ake ba su. Ran Juma'ar ya kulle injin ya tafi masallaci, ya bar makulli a teburin Malam. Da ya dawo, inji da ɗumi.

Sufeto ya hau babur sai Kara. Yarinya ta fito gaisuwa, ido a kumbure. Shi hannunta ya tsaya kallo: lalle jawur har wuyan hannu.

"Yaushe aka ƙunsa miki?"

"Juma'a, Yallaɓai. Bikin 'yar Inna Sabuwa, a Durun."

Mata tara suka shaida tun hantsi hannayenta biyu na cikin zungurun lalle, sai la'asar aka kwance. Ruwa ma a baki aka riƙa ba ta.

Ya dawo ya zaunar da Zailani.

"Malam, biron nan, da wane hannu ta karɓa?"

"Da dama."

"Ta cikin zunguru?"

Sai Zailani ya amsa laifi. Ya ce sharrin shaiɗan ne. Ya ce doka ta hana kunna na'ura babu suna, shi ne ya kwafi na ƙarshe a shafin Alhamis. Aka sa shi a mota, hula a hannu. Washegari Mato da kansa ya rako 'yarsa, ya zauna a benci har ta gama cike takardarta.

To, ka ce a hana mata shiga. Hana su mana. Amma dokar nan namiji ya rubuta ta, namiji ya karanta mana ita, namiji ya karya ta da makulli a aljihu. A duk maganar nan lalle kaɗai ne bai yi ƙarya ba.